Kawu Idi da Tumakin Filin Yaƙi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, makiyayin tumaki a Ɗanzomo. Duk wanda ya san shi ya san abu guda: ba ya bin bayan garke. Gaba yake shiga, su biyo shi, don ƙafarsa ta riga tasu taka duk abin da ke hanya.

Lokacin da nake karatu a Faransa, an kai mu wani tsohon filin yaƙi inda aka gina hasumiyar farin dutse don tunawa da sojojin Kanada da suka mutu a can. Sunayensu sun cika bango. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani fili mai ramuka, an kewaye shi da waya, tumaki na kiwo a ciki. Mai yi mana jagora ta ce har yanzu akwai bama-baman da ba su tashi ba a ƙarƙashin ƙasar, shi ya sa ba a sa mutum ya yanke ciyawar.

Da na dawo na nuna wa Kawu hoton a wayata. Ya daɗe yana kallo.

"Ina mai su?"

"Babu, Kawu. Mutum ba ya shiga."

"Jikokin masu yaƙin ma sun tsufa, kuma har yau tunkiya ake turawa gaba?" Ya miƙo mini wayar. "Ɗana, wannan yaƙin bai ƙare ba."

A lokacin na ɗauka tausayin dabba ne kawai. Yanzu ban sani ba.

Ɗansa Sale yana koro tumaki daga cikin Nijar zuwa kasuwar Maigatari. Kwanan baya ya ce mini ana raɗe-raɗin cewa a wasu hanyoyi masu nisa ana binne abin fashewa, har masu kora sun fara sakin dabbobi gaba. Ban tabbatar ba, kuma ba na son tsorata kowa. Yankinmu lafiya lau yake, alhamdu lillahi. Sai dai ina jin su ma mutanen ƙauyukan can sun taɓa faɗin haka.

"Yaya," in ji Sale, "kai da ka ga filin yaƙin nan, in koma bayan garke?"

Na ce ya koma. Wataƙila Kawu ba zai yarda ba, amma haka na ce.

Kawu bai bar hasumiya ba. Tafiyarsa ya bari a ƙafar ɗansa, kuma ita ce yau take tsorata ni. Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi, na hango garken Sale yana shigowa. Sale yana gaba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya tsare mana hanya.