Takardun Jikin Akwatin Kamanja

Har gobe ba zan manta da wata ranar Talata ba, sati biyu bayan alhazai sun watse. Lokacin ni ne shugaban masu ɗaurin kaya a wani sito kusa da Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda. Na daɗe a aikin, kuma ina ji da kaina. Karatun farko da nake ba duk sabon ma'aikaci shi ne: kafin ka liƙa sabuwar alama a jikin kaya, kankare tsohuwar. Alama biyu a akwati ɗaya ita ke kai kayan Kano Karachi.

Ran nan wata dattijuwa daga unguwar Ruwais, Hajiya Sa'adiyya, cikin Hausawan Sudan, ta kawo kamanja, wato gogen Turawa, a tsohon akwatinta na fata. Gadon mahaifinta ce, za a aika wa masana a Turai su tabbatar da asalinta da hannayen da ta bi. Mudir, wato manajan siton, ya miƙo mini ya ce, "Abu Usman, da hannunka. Kar ka ba kowa."

Ƙa'ida ta ce a ɗauki hoton kaya mai daraja kafin a taɓa shi. Ban ɗauka ba, wai ni gwani. Na ga akwatin ya sha liƙe-liƙe kamar bangon tasha: tambarin jiragen ruwa, na kwastan, da ƙananan takardu masu rubutun hannu, duk sun yi ja don tsufa. Na samo ruwan ɗumi da wuƙa na kankare su tas, na shafa mai har fatar tana ƙyalli. Da la'asar motar shara ta kwashe ɓarɓashin.

Washegari Hajiya ta dawo sa hannu, na ajiye mata akwatin ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ya waladi, ɗana, ina takardun?"

Sai a lokacin na gane garin neman gira na rasa ido. Maimakon in faɗi gaskiya, da furfurata na ce, "Hajiya, laima ce ta cinye su. Ina taɓawa suka zube."

Ta shafa fatar, ta shinshina yatsanta. "Laimar ce kuma ta shafa mai?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A gaban mudir na faɗi abin da na yi. Ya fara faɗa, ta ɗaga masa hannu. "Halas, bar shi. Kai kuma ɗauko biro."

Ta zauna kan wani akwatin katako, tana taɓa gurbin kowace takarda, ina rubutawa. "Nan ta Baturen likitan jirgi ce, shi ya sayar da ita a Sawakin. Nan ta mai kantin da ya saya. Nan ta malamin da ya koya wa Baba kiɗa a Omdurman." Da ta zo kusa da mariƙi sai ta ɗora yatsa a wurin. "Nan Baba ya rubuta sunansa ranar da ya sauka a tashar nan. Shi kaɗai ne rubutunsa da ya rage mini."

Bayan wata huɗu amsar masana ta zo. Kamanjar tsohuwa ce, amma batun waɗanda suka riƙe ta, sun ce ba shaida sai maganar baki.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, dokar kankara tana nan, amma ku fara tambayar mai kaya. Abin da muke gani datti, wani asalinsa ke nan. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa tun ba a shinshino ba.

Ranar da Hajiya ta zo karɓar kayanta, ta fito da takardar da na rubuta ta ce in liƙa mata kusa da mariƙi. Na liƙa. Yau rubutuna ne a gurbin na mahaifinta.