Tsakuwa Arba'in da Uku a Aljihun Maigandi

Duk wanda ya san kasuwar Malanville ya san Maigandi mai gyaran rediyo, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganinsa zaune. Yana da benci a rumfarsa, sai dai baƙi ne suka san daɗinsa. A tsaye yake liƙa waya, a tsaye yake shan koko, in ana hira da shi ƙafa ɗaya na nan, ɗayar ta riga ta kama hanya. Matarsa Marka mai sayar da albasa takan ce shekara ashirin da shida da aurensu, ba ta taɓa kai ƙarshen labari yana wuri ɗaya ba.

A Parakou aka haife shi, inda layin dogo ya tsaya. Ubansa Sha'ibu leburan dogo ne, cikin masu hawa 'yar motar nan da ke tafiya a kan layi, wadda ma'aikata ke kira direzin, suna bin hanya suna ɗaure kusoshi. Sau ɗaya tak uban ya ɗora shi a kanta, yana ɗan shekara tara. Shekara na zagayowa Sha'ibu ya rasu, uwar ta kwaso 'ya'yanta ta dawo wurin danginta a Malanville, bakin kogi, garin da aka daɗe ana cewa jirgin ƙasa zai iso, har yau shiru.

Da wayar hannu ta cika gari, gyaran rediyo ya mutu murus. Maigandi ya sayi tsohon babur yana kabu-kabu daga la'asar, kuma babur ɗin nan shi ke ɗora tukunya a gidan. Da safe kuwa sai ya tsaya a rumfa babu aiki, hannu na ƙaiƙayi. A haka ya fara ƙera direzin ɗin ubansa. Jikinta gwangwanin tumatir, ƙafafunta murfin kwalba, layin kuma ƙarfen tsohuwar lema, sannan ya ciro ɗan inji daga wata matacciyar rakoda ya haɗa mata. Wata uku ya yi yana fama. Ranar da ya sa batir ta tashi ta bi layi har ƙarshen tebur ta dawo da baya, sai da ya zagaya rumfar sau uku don murna.

Alhaji Khalidu, wani ɗan kasuwar Kamba mai kayan lantarki, shi ya jefa shi cikin wannan rigima. Ya ga abin, ya ce yana da kwali guda na irin injin nan, hamsin cif, ba ya fasa kwali, kuma zai ajiye masa har kasuwar makon ta watse. Maigandi ya duba gabas ya duba yamma, bai ga abin da zai sayar ya karɓi kwalin ba sai babur.

Mutumin ba wawa ba ne, ya ce sai ya fara jin ta bakin jama'a. Ya ɗaure direzin da layinta a kan faranti ya shiga gari, tambayarsa ɗaya: in na ƙera da yawa, za ka saya? Duk wanda ya ce i, sai ya tsinci tsakuwa ya jefa a aljihu.

Ya bi direbobin manyan motoci da ke jiran layi a bakin gada. Ya je wurin samarin da ke ƙera motocin waya don sha'awa, suka kewaye shi suna tafi. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ce wannan ai sai Turai. Wani jandarma ya ɗauki hotonta a waya. Wata mai kifi ta ce amalanken ya yi kyau, ita ma ta sami tsakuwarta. Kowa madalla, kowa Allah ya ƙara basira, kowa shi ne zai fara saye. Kwana biyu Maigandi bai ci abincin kirki ba, aljihunsa na ta rinjaya gefe guda.

Mutum ɗaya ne ya ɓata masa rai. Wani tsoho ne daga Garou, Baba Kadiri, da ya kawo albasa kasuwa. Ya sunkuya ya ƙura wa abin ido ya daɗe, sannan ya taɓe baki.

"Wa ya ƙera wanga?" in ji tsohon. "Ina duron ruwa? Mutum shida cikin rana, mi za su sha? Babu jar tuta kuma. Jirgi shi taho shi niƙe su ke nan."

Maigandi ya sure farantinsa ya yi gaba. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, don daga tunanin hawa ɗaya ya ƙera ta, kuma ya ji kamar ubansa aka kushe. Tsoho bai sami tsakuwa ba.

Ranar ƙarshe ta kasuwa, Maigandi ya riga ya yi magana da wani mai sayen babur cewa ya zo da hantsi. Da safe Marka ta ɗauki rigarsa za ta ɗinke aljihun da ya yage, tsakuwa ta zubo a tabarma. Ya bayyana mata, yana kai da kawowa a tsakar gida, cewa mutum arba'in da uku ke nan masu jira.

"Baban Zeinabu, tsaya wuri guda," ta ce. "Cikinsu nawa sunka tambaye ka kuɗinta?"

Ya tsaya ya yi tunani. Babu ko ɗaya.

Ta ce masa shi mai gyara ne, kaya ake kawo masa, bai taɓa tallan ko allura ba, shi ya sa. Ita shekara talatin tana bakin buhu, wanda duk ya yabi albasarta kunya yake ji, hanyar wucewa yake nema. Mai saye shi ne zai matsa ta, ya ce ta jiƙe, ya ce ƙanana ce, ya yi kamar zai tafi. Sannan ta tambaye shi ko akwai wanda ya kushe.

"Mutum guda," ya ce a hankali.

"To shi ɗai ka samu."

Tsoro ya kama shi, irin na wanda ya waiwaya ya ga ramin da ya tsallake bai sani ba. Ya kwashe tsakuwar ya watsa bayan gida. Mai sayen babur ya zo, ya ba shi haƙuri. Alhaji Khalidu ya aiko sau biyu, da azahar kwalinsa ya haye gada ya koma inda ya fito. Shi kuwa Maigandi yana rumfa, ya yi duro da murfin biro, ya yanki jan ƙyalle ya yi tuta, ya hau babur ya nufi Garou.

Ya tarar da Baba Kadiri a gindin mangwaro. A nan ya ji cewa tsohon ya yi shekara goma sha tara yana aikin dogo kafin ya dawo gida noma. Aka shimfiɗa layi a kan tabarma, direzin ta tafi ta dawo, ta sake tafiya. Tsoho ya ɗauke ta ya juya ta, ya ce birkin ba nan yake ba, ƙarar ma ba haka take ba, fentin kuma bai yi ba. Yana faɗa yana riƙe da ita a ƙirji da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Dala ɗari biyu," in ji shi. "Don tausai."

Tayin wulaƙanci ne, sefa dubu ɗaya kacal, ko kuɗin batir da dalma bai kai ba, amma Maigandi bai taɓa jin magana mai daɗi irinta ba.

"Albarka, Baba."

"Zamna mu yi ciniki, ɗana. Ba a yin shi tsaye."

Maigandi ya tuɓe takalmi ya zauna. La'asar ta yi ta wuce, fasinjoji na can Malanville suna neman kabu-kabu, shi yana kan tabarma bai motsa ba.