Maginin da ya ɗaga gidajen layinsu

A unguwar da Magini ya zauna, mai neman gida ba ya fara tambayar yawan ɗakuna. Yana tsayawa ne a bakin titi ya dubi matakalar ƙofa. In da hawa, gidan ya yi tsada. In kuwa gangarawa ake yi a shiga, sai ya gyara hularsa ya yi gaba.

Magini ya riga kowa zuwa wurin. Lokacin kwari ne da babu mai so, sai ciyawa da kwaɗi. Ya sami fili da araha, ya riƙa gina shi da hannunsa a ranakun da ba shi da aiki, da ragowar bulo da guntayen buhunan siminti na gine-ginen mutane. Ya sa yayarsa ma ta sayi filin bayansa. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, shi ya sa har ya yi furfura Auta take ce masa. Ruwan damina a lokacin ba ya damun kowa. Yakan gangaro daga tudu, ya bazu a filayen da ba a gina ba, kafin la'asar ƙasa ta shanye.

Sai gari ya cika. Kuɗin haya a kan tudu ya kori mutane, suka gangaro kwari da kuɗinsu a hannu, filin da a dā ko kyauta ba a karɓa ya zama abin rububi. Duk wanda ya saya, tifa yake fara kira ta zube masa jar ƙasa, ya yi ciko, ya ɗaga gidansa sama da na maƙwabcinsa. Wa za a kira aikin? Ga Magini a kusa, ga sauƙin farashi.

Shekarun nan ya ji daɗinsu, ba a ɓoye ba. Ya ɗaga gidan dama, ya ɗaga na hagu, ya yi wa mai kantin magani na gabansa matakala har da tayil. Ya sayi babur. In ya dawo da yamma sai ya tsaya yana nuna wa matarsa aikin hannunsa, baki har kunne.

Ita dai ta taɓa tambayarsa: "Maigida, wai ruwan nan da kake korar wa mutane, ina yake tafiya?"

"Ke dai bari in gama wannan, namu zan kama."

Ya kama ɗin, amma nasa gidan gajeren rufi ne, na wanda ya yi gini da ragowa. Ya ƙara daɓen ɗakunan sau ɗaya, ya sake ƙarawa, har sai da aka yanke ƙasan ƙofofi, dogon mutum kuma sai ya sunkuya. Da ya ga babu sauran sama, sai ya ja katanga a bakin ƙofar gida mai kai gwiwa, don tare ruwan titi. Ta tare kuwa. Abin da bai tsaya ya lissafa ba shi ne ruwan da ke zuba daga kwanonsa da na maƙwabta zuwa tsakar gidan ya rasa mafita. Mutumin da ya shekara talatin yana fitar wa wasu ruwa ya gina wa kansa kwarya. Kowace damina shi da matarsa suna riƙe da bokiti, suna kwasa suna watsawa titi, maƙwabta na tsaki don ana ɓata musu gaban gida.

Ranar da abin ya ƙare, da rana tsaka aka fara ruwan. Kafin a kira la'asar ya haura katangar, ya haɗu da na ciki. Masai ya cika ya tumbatso. Katifa ta tashi tana yawo, buhun shinkafa ya kumbura ya fashe, babur ya nutse har sirdi. Matarsa ta hau kan teburin girki da keken ɗinkinta a cinya tana kuka, ba don kayan ba, don warin da ya shiga ɗakin da ta haifi 'ya'yanta.

Da aka ɗauke, maƙwabta suka fito suka jeru a kan matakalun da ya gina musu, ƙafafunsu a bushe, wasu na ɗauka da waya. Mai kantin magani ya leƙo daga sama ya ce, "Sannu Magini, Allah ya kiyaye gaba. Amma wallahi aikinka ya yi kyau, ko ɗigo bai shigo mana ba."

Magini ya ce, "Madalla." Yana tsaye cikin ƙazanta har ƙugu ya faɗi haka.

Yaya ce ta kwashe su. Ta ba su ɗakinta ta koma na ajiya, ta wanke wa matarsa tufafi da hannunta. Gidanta ya ɗan jiƙe ne kawai, don duk ruwan layin a gidan ƙanenta yake tsayawa. Ita ba ta san haka ba. Shi ya sani.

Dillalin unguwar bai taɓa taka ƙofar Magini da rani ba. Sai da ya bari tabon ruwa ya fito a bango, sannan ya zo da takalmin roba da fuskar ta'aziyya.

Magini ya ce, "Na ji an ce gidaje sun ninka kuɗi a layin nan."

"Gidaje, i. Kai kuma fili gare ka, Baba, filin ma rami. Wanda zai saya sai ya zuba tifa nawa kafin ya kamo maƙwabta? Ni don mutunci nake maka wahalar nan. In ka jira baɗi, ko wannan ba za ka gani ba."

Ya sayar. Abin da aka ba shi ko ɗaki da falo ba zai saya ba a ko'ina cikin garin. Wanda ya saya wani ɗan kasuwa ne mai son gina bene ya zuba 'yan haya, kuma da ya tambayi wanda ya san ƙasar wurin, sai dillali ya nuna masa tsohon mai gidan. Magini ya karɓi aikin, don tun ranar ruwan nan babu wanda ya kira shi ko gyaran dakali. Shi ya cire kwanon da ya buga da hannunsa. Shi ya tsaya yana nuna wa leburori inda za su juye baro, jar ƙasa tana cika ɗakin matarsa har ta rufe taga.

Da aka zo maganar magudana, ɗan kasuwa ya ce ba ya son ruwa a gaban get, nan motoci za su tsaya. A fitar da shi ta baya.

Magini ya ce, "Ranka ya daɗe, baya akwai mutane."

"Ni ma mutum ne. In ba za ka iya ba, akwai yara masu jini a jika."

Ya iya. Ya haƙa, ya shimfiɗa bututu mai faɗin cinya, ya ba shi gangara mai kyau don kada ruwa ya kwanta a riƙe masa kuɗin aiki. Bakin bututun ya fito daidai gindin katangar Yaya. Yana cikin shafe shi da siminti ta leƙo da kofin ruwan sanyi.

"Auta, sha, rana ta yi. Wannan kuma na mene ne?"

"Na wucin gadi ne, Yaya. Za a juya shi."

"To, Allah ya yi albarka." Ta karɓi kofin ta koma ciki, tana jan ƙafar da ke mata ciwo.

Damina ta gaba ba ta yi nisa ba ruwa ya kai gwiwa a ɗakin ajiyar da take kwana. Ta ce ikon Allah ne, bana ruwan ya yi yawa. Matar Magini ta dube shi ta kau da kai, ta daina yi masa magana sai ta dole.

Ana shanya tabarmi a kan katanga dillali ya iso da takalminsa na roba. Ya durƙusa ya gaida Yaya, ya jajanta mata, ya tambayi ƙafa. Sannan ya ja Magini gefe, ya rage murya.

"Mai benen nan yana son faɗaɗa wurin ajiye motoci. Tsohuwar nan ba ta jin maganar kowa sai taka. Ka lallaɓa ta ta sayar masa da gidan, la'adarka tana nan."

Magini ya waiga. Yaya tana sunkuye tana matse bargon da shi da matarsa suke rufa da shi. Ya juyo ya dubi dillali.

"Nawa?" in ji shi.