Malam Sai-na-gani da 'Yar Takardar da Na Ɓamɓare

Ni ban iya rubutu ba. Jikata ke rubutawa ina faɗa, kuma na ja mata kunne kar ta gyara mini magana.

Ƙarfe bakwai da rabi Malam mai gyara yake buɗe ɗan ɗakinsa, can bayan shagon da ake sayar da kwamfutoci, inda ake kai masu garanti idan sun lalace. Kafin ya taɓa komai sai ya shimfiɗa farin tawul a tebur, ya jera 'yan kofunan da yake zuba sukurori, ya goge tabarau, ya wanke hannu kamar mai shirin karɓar haihuwa. Shekara ashirin da shida yana haka. Duk abin da ka ce masa amsarsa ɗaya ce: "Sai na gani." Har ya zama sunansa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ido ya gaji. Da na ji na ce wannan ba zai tafi shiru ba.

Jikar nan tawa karatun jinya take, shekarar ƙarshe, kuma aikin kammalawarta kaf yana cikin kwamfutar nan da ake ɗorawa a cinya. Sai abar ta tsiri mutuwa. Ba tari, ba nishi. Tana cikin rubutu sai fuskar ta yi baƙi ƙirin kamar an hure fitila. Sau biyu muna kai ta shagon, 'yan gaban kanta su kunna ta, ta wuni garau kamar mara lafiyar da ta hango allura. Suka ce ba a tura wa kamfani sai ta mutu a gaban idonsu. Saura kwana goma sha ɗaya yarinya ta miƙa aiki, garantin kuma ko kwanakin ba zai kai ba. Ubanta kuwa, ɗana ne na san shi, wata kwamfutar ba ta cikin zance.

To ga abin da ba wanda ya sani. Wata uku kafin nan ina share ɗakinta, na ga wata 'yar takarda mai sheƙi manne a ƙarƙashin kwamfutar, gefenta ya ɗago ya kwashi datti. Ni ba na ganin datti in wuce. Na sa farce na ɓamɓare ta, na goge wurin fes. Da ta ba ni sha'awa sai na manna ta a murfin gwangwanin allurata.

A zuwanmu na biyu na ji wata yarinya cikin 'yan gaban kanta tana ce wa wani mutum, "In babu sitikar nan ta ƙasa, an buɗe ke nan, garanti ya mutu." Allah ya rufa asiri ba su kifa tamu ba. Kwana huɗu ina ɓoye da maganar. In na ji yarinya ta ce "Wayyo, ta sake!" daga ɗaki, sai in dubi gwangwanin allurata. Har na fara tunanin ko takardar ce ke riƙe da ran kwamfutar. Shekara huɗu na karatu, a ce farcena ya kwashe.

Zuwa na uku suka gaji da mu, suka tura mu baya wurin Malam. Na ɗauko gwangwanin na ɗaure a bakin zani, ban san me zan yi da shi ba.

Yana karɓa ya kifa ta. Farkon abin da ya yi ke nan. Ya daɗe yana kallon wurin da na goge.

"Wa ya buɗe ta?"

"Wallahi Baba ba wanda ya taɓa," in ji jikata.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ni kuma na dubi fanka. Fankar ba ta taimake ni da komai ba. Sai na kwance bakin zani na ajiye gwangwanin a kan tawul.

"Kaka!" Yarinya ta ɗora hannu a ka. "Kin kashe ni!"

"Datti ta yi," na ce.

Malam bai yi dariya ba, bai yi tsaki ba. Ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girma, ya bi sukurorin ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowane da ɗan ɗigon fenti da kamfani ke sawa, wanda ke fashewa in an murɗa. "Iya, ko ɗaya bai fashe ba. Ba a taɓa buɗe ta ba."

"To za su karɓa?"

"Sai na gani."

Ya ce kafin komai a kwashe aikin yarinya, don in kwamfuta ta je kamfani wanke cikinta suke tas. Ya soka ɗan filash, ya ce kar wanda ya jingina da tebur, in ta mutu ana tsaka da kwasa aikin na iya lalacewa. Wani koren layi ya fara rarrafe. Tari ya taso mini, na haɗiye shi har hawaye. Ban taɓa ganin abu mai nawa irin layin nan ba. Da ya kai ƙarshe sai na ji ashe farcen yarinya ya nutse a damtsena.

Sannan ya tambaya, "Yaushe take mutuwa?"

"Ko yaushe, Baba."

"Ba ko yaushe ba," na ce. "A tebur ba ta mutuwa. Sai kin sungume ta da hannu ɗaya ta kusurwar hagu, ɗayan hannun na kan waya."

"Kaka, don Allah ki yi shiru, abin da kika yi ya isa."

"Bar ta," in ji Malam. "Ke rubutu kike kallo, ita ke take kallo."

Ya kira manaja ya tsaya shaida, ya kunna ta, ya ɗaga ta ta kusurwar hagu. Ɗif! Tun da nake ban taɓa murnar mutuwa ba sai ran nan. Ya ce wata tsaga ce a allon cikinta, siririya kamar gashi, tun daga kamfani.

Manaja ya ce babu sitika, babu garanti. Malam ya jawo fom ya rubuta gaskiya, har da ni da sharata, ya ɗauki hoton sukurori da na murfin gwangwani, ya sa hannu. Manaja ya ce, "In suka ƙi, sunanka ne zai ɓaci, kana dab da tafiya." Kun san amsar da ya ba shi.

Kwana biyar muna jira, babi ɗaya na aikin bai ƙare ba, yarinya ba ta mini magana sai gaisuwa. Kullum sai na je na zauna a bencin ƙofarsa. Nan mai gadi ya ba ni labarin wata kwamfutar malamar makaranta da Malam ya kunna ya tsare kwana tara har ta mutu a gabansa, don kar a ce matar ƙarya take. Rana ta shida tamu ta dawo da sabon allo. Yarinya ta miƙa aikinta ran ƙarshe.

Malam, kai ne ka ga tsohuwa ta yi kuskure ba ka tozarta ta gaban jikarta ba. Kai ne ka sa sunanka inda takarda ta ɓace. Mai duba kafin hukunci, na gode. Allah ya huta da idon nan, ya ba ka masu yi maka haƙuri irin naka.

Ku kuma 'yan gaban kanta da za ku gaje shi, ku riƙa kifa abu kuna dubawa, ku tambayi wadda ke zaune shiru a gefe.

Sun manna wa kwamfutar sabuwar sitika. Gefenta ya fara ɗagowa, kullum ina gani in na shiga shara. Hannuna na baya, Malam.