Tukuicin faifan wasa

Tun kafin na'urar ta shigo gidanmu ina ɗauke da damuwar 'yata. An sa ta lakwal, wato makarantar boko, tana shekara shida, kullum ta dawo da kuka, wai malaminsu da faransanci kawai yake magana, ita ko larabcin gari bai gama zama bakinta ba. Ni kuwa aji uku na yi aka cire ni. In ta buɗe littafi gabana sai in kawar da kai, in ce bari in duba tukunya.

Muna zaune a unguwar Sabangali ta Injamena lokacin, kusa da kogi. Wan maigida ya kawo wani tsohon ordinata, wato kwamfuta, da ofishinsu ya daina amfani da shi. Ƙanwar maigida, mai karatu a jami'a, ta zo da faifai ta yini a kansa, sai ga wasannin yara sun fito: harufa na faɗowa kamar ruwan sama, yaro ya danna ya kama su. Wayyo daɗi! Duk sanda aka kawo wuta 'yata tana gaban na'urar. Cikin sati biyu ta san harufanta. Ni ma ina tsaye bayanta da ludayi a hannu ina ihu, “Ga shi can, kama shi!”

Maigida ɗan kasuwa ne, jikan 'yan kasuwa. Ya tambayi ƙanwarsa daga wane shago faifan ya fito.

“Yaya, ba na shago ba ne. Mutane ne suka haɗu suka yi, suka ce kowa ya ɗauka.”

“Waɗanne mutane? 'Ya'yan wa?”

“A duniya suke, ko'ina.”

“Kayan da ba a san mai shi ba, na sata ne,” in ji shi. “Ba zai kwana gidana ba. Ran Juma'a ki zo ki goge shi.”

Kwana uku suka rage. Na kama hannunta a zaure na ce, “Ke uwar boko, kin ja mana. Ina masu abin nan suke zama? Kai ni.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki. “Matar yaya, wanke zaninki, gobe za mu je gidansu.”

Gidan nasu ashe siber ne a unguwar Mursal, shagon intanet mai na'urori shida da fanka ɗaya. Muka shiga kar, motar haya, muka je, ina goye da ƙaramin ɗana. Ta nuna mini wani wuri a cikin gilashin na'urar inda masu yin wasan suke taruwa suna rubuta wa juna, suna gardama kamar mata a gidan suna. Na ce ta rubuta: wata uwa a Injamena tana gaisuwa, tana tambaya ko halal ne 'yarta ta taɓa kayansu.

Washegari muka koma, amsa har huɗu! Ta karanta tana juya mini. Wani ya ce, naki ne, ki kwafa ki ba maƙwabta. Wata malama ta tambayi shekarun yarinyar. Biyu kuma suka ɓige da faɗa a kan wane wasan ya fi dacewa da ita. Ni da ban taɓa samun wasiƙa ba! Na sa aka buga a takarda, na naɗe a bakin zani.

Maigida ya sa ƙanwarsa ta karanta masa sau biyu. Ya shafa gemu.

“To, kyauta ce ke nan. Kun ba da tukuici?”

Muka kalli juna.

“Kun karɓi kyautar mutane kun yi shiru? Abin kunya. Ba za a ce gidana aka yi haka ba. A kai tukuici, faifai ya zauna.”

Na ce zan soya dubulan. Ƙanwar ta ce, “A wace kar za ki ɗora shi?” Muka sake rubuta musu. Malamar nan ta amsa cewa akwai wasan da ke kiran sunan abin da yaro ya danna, yana yi da harsuna da yawa, amma babu Hausa. In ina so, in ba su muryata.

Na zauna a siber da abin magana a bakina, samarin da ke wasan ƙwallo a na'urori sun juyo suna kallo. Ana nuna mini hoto, ina faɗin sunansa. Akuya. Jirgi. Ɗaya, biyu, uku. Ƙaramin ya yi kuka a kan “raƙumi”, muka sake. Da na gama mai siber ya tafa, ya ce, “Kalas, shi ke nan, Hajja ta zama ta rediyo!”

Juma'a ta zo ta wuce ba a goge komai ba. Bayan wasu watanni ƙanwar ta kawo sabon faifai. 'Yata ta danna hoton akuya, na'ura ta yi magana. Ta daskare, ta juyo. “Inna! Ke ce a ciki!” Ta danna ya fi sau ashirin. Maigida ya kira abokansa har uku su zo su ji.

Sai dai akwai hotunan da ban san sunansu da Hausa ba, na faɗe su da larabcin da muka tashi da shi. Mutanen Kano da Damagaram, in kun ci karo da muryar wata mata tana kuskure a wasan yara, ni ce. Don Allah kada ku tsaya dariya kawai, ku shiga ku gyara, ba a hana kowa ba.