Gwaggo da Mai Dogon Suna

Gwaggona ta yi shekara ashirin da biyu tana sharar wani ofishi mai hawa uku. Ita ke fara shiga da safe, ta buɗe tagogi, ta goge tebura kafin ma'aikata su iso.

Wata rana ta tarar da tukunyar fure kusa da kwandon shara. Kyauta aka kawo wa manaja, furannin suka bushe, ya ce a zubar. Gwaggo ta duƙa ta duba, sai ga 'yan tsiro kore shar a gindinsa.

"Wannan ai da ransa," ta ce wa sakatariya. "Yaya sunansa?"

"Kirisantimam."

Gwaggo ta gwada sau uku, harshe ya ƙi. "Kai, wannan suna sai ku! Ni dai Mai Dogon Suna zan ce masa."

Mai kula da lambun ofishin ne ya nuna mata dabarar. Ta yanki ɗanyen reshe tsawon yatsa, daidai ƙarƙashin gaɓa, ta tsige ganyen ƙasa, ta soka a hudajjen gwangwani mai yashi da ƙasa, ta rufa masa leda, ta ajiye a inuwa. Goma ta dasa, shida suka ruɓe saboda ta cika musu ruwa.

Mijinta, tsohon direba, kullum sai ya tsokane ta: "Yaya majinyata? An sallame su kuwa?"

A mako na uku ta ɗan ja guda a hankali, ta ji ya kama ƙasa. Ihun da ta yi, sai da maƙwabciya ta shigo a guje tana tambayar wa ya haihu.

Tsinke kan tsiron don ya yi rassa, nan ne Gwaggo ta kasa. Ta ce hannunta ba zai iya ba. Direba ne ya runtse ido ya tsinke, kuma tun daga ranar ya koma cewa "furenmu".

Yanzu ta bar aiki. Barandarta babu wurin sa ƙafa, ga rawaya, ga fari, ga wani ja da ta samo wajen wata malamar makaranta. Wanda duk ya je gaishe ta, da gwangwani yake fitowa. Ni ma ta ba ni biyu. In ta kira ni a waya, kafin ta tambayi yarana sai ta ce, "'Yar nan, kin dai matsar da su inda hantsi ke samunsu ko?"