Tabon ƙofar motar Baba

Bayan rasuwar Baba muka kira dillali ya yi wa motarsa kuɗi saboda rabon gado. Ya zagaya ta, ya tsaya a ƙofar direba inda wani tabon fenti ya yi tudu kamar an shafa kunu ya bushe. Ya ƙwanƙwasa wurin da ɗan yatsa.

"Alhaji ya taɓa buga ta, ya ɓoye," in ji shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma abin alfaharinsa a duniya shi ne bai taɓa goge ko akuya da mota ba, bai kuma taɓa ɓoye aibin abin da ya mallaka ba. Ga wani da bai san shi ba yana maishe shi maƙaryaci tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na rantse sai na kankare fentin nan kowa ya gani da idonsa.

Mun san tabon tun muna jami'a ni da ƙanena. Duk hutun da muka zo sai mu tarar ya ƙara kauri, mu yi ta tsokanar Baba cewa hannunsa na biro ne, ya bar wa masu burushi sana'arsu. Sai ya yi dariya ya ce rana ce ke cin wurin.

Na kai ta garejin wani mai fenti a Ƙofar Kaura, na sa dillalin ya biyo ni. Mai fentin ya jiƙa tsumma da tina ya shiga murzawa a hankali. Fentin sama ya narke, na ƙarƙashinsa ya fito, shi ma burushin gida ne. Ya kawo samfefa mai laushi da ruwa. Ƙarfen lafiya lau, babu lotsawa ko ɗaya. Har na buɗe baki zan wanke dillalin tas, sai na ga jan rubutu yana fitowa.

Lambar tasha ce, irin wadda ake rubuta wa motocin haya. A ƙasanta an rubuta Katsina zuwa Dutsin-ma. Da ya ƙara gogewa, wata lambar ta fito a ƙarƙashin wannan, tsohuwa, ita ma an taɓa shafe ta.

"Inna lillahi," na ce. Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Dillalin ya cire hula ya mayar. Baban da na sani ba ya fita sai da babbar riga mai sitati. Na kasa hango shi a tasha yana jiran fasinja su cika.

Na koma gida Ƙofar Kwaya na tarar da Inna tana tsince shinkafa. Na faɗa mata abin da na gani. Ba ta ɗago ba.

"Wa ya aike ka?" ta ce. "Tun da ya yi ritaya yake haya. Da me kuka yi karatun? In za ku zo hutu sai ya shahe, in kun tahi a sake rubuta mashi. Ya ce kada ku ji kunyar abokanku."

Ta ture tiren gefe, sannan ta dube ni.

"Shekara da shekaru na riƙe mashi amana, kai kuma ka je ka kankare a gaban dillali."